Annabi Nuhu Ma Sai da Ya Sassaƙa Jirgi

Jama'a, ruwa yana cinye mana 'ya'ya da iyaye, mu kuwa mun naɗe hannu muna cewa kwana ne ya ƙare.

A watan Mayun 2021 jirgi ya dare a kogin Neja, kusa da Warrah ta ƙaramar hukumar Ngaski a jihar Kebbi, da mutum sama da 150 a cikinsa, ƙalilan ne suka fita da rai. Shekarar ba ta ƙare ba sai da kwale-kwale ya kife a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai a jihar Kano, ranar 30 ga Nuwamba, aƙalla mutum 29 suka riga mu gidan gaskiya, yawancinsu yara 'yan Islamiyya da suka taso daga Badau za su taron Mauludi. A Yunin 2023 'yan biki ne suke komawa gida cikin dare a yankin Patigi ta jihar Kwara, sama da 100 suka tafi. A farkon Oktoban 2024 kuma sai Gbajibo ta ƙaramar hukumar Mokwa, jirgi ɗaya da mutum kusan 300, galibi mata da ƙananan yara, shi ma da daddare. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. Amma duk wanda ya bi labaran nan ya san abin da ke maimaituwa: lodi fiye da ƙima, tafiyar dare, tsohon jirgi, ga babu rigar kariya a jikin kusan kowa.

Ku je mashigi ranar kasuwa ku gani da idonku. Buhunan hatsi a ƙasa, babura biyu ko uku a kwance a kansu, awaki a ɗaure, mata da goyo sun matsu har babu wurin miƙe ƙafa. Tsakanin bakin jirgi da ruwa bai wuce taƙi ɗaya ba. Ga yaro a tsugune da yankakkiyar jarka yana kwarfe ruwan da ke tsattsafowa ta tsagar da aka toshe da tsumma. Duk da haka mai fito yana ɗaga hannu yana kiran saura mutum biyu. In wani ya yi ƙarfin hali ya ce lodin nan ya yi yawa, nan take za a taso masa: "Malam, tsoron mutuwa kake yi? Ai in kwana ya ƙare ko a kan gado kake sai ka tafi." Sai kunya ta kama shi ya yi shiru, kada a ce imaninsa ne da rauni.

Maganar ajali gaskiya ce, babu Musulmin da zai musa. Sai dai an ɗauko ta daga inda ta dace an ajiye ta inda ba wurinta ba. Wurinta shi ne zaman makoki, inda ake rarrashin uwar da ta rasa ɗa, a tuna mata cewa abin da Allah ya rubuta ba ya kuskure. A bakin ruwa kuwa, tun jirgi bai tashi ba, babu wanda ya ga abin da aka rubuta masa. Abin da muka sani shi ne abin da aka umarce mu, kuma an umarce mu da kare rai. A Suratul Baƙara an hana mu jefa kanmu cikin halaka da hannunmu.

Ku dubi Annabi Nuhu, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Da Allah ya so, da ya tsirar da shi da muminai ba tare da ko guntun katako ba. Amma ya umarce shi da ya sassaƙa jirgi, ya haɗa alluna da ƙusoshi, mutanensa suna wucewa suna yi masa izgili, shi kuma bai fasa aikinsa ba. Sai da jirgi ya kammala sannan ya ce a shiga da sunan Allah. Aikin ya zo, ambaton Allah ya zo, babu wanda ya kori wani. To wane ne a cikinmu ya fi Annabi Nuhu dogara ga Ubangiji, har da zai tura ruɓaɓɓen jirgi cikin kogi ya ce bisimilla ta wadatar?

Ku dubi hijirar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a shekarar 622. Sayyidina Abubakar ya tanadi raƙuma biyu tun da wuri yana kiwonsu. Suka ɗauki hayar ɗan jagora, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, wanda a lokacin ba Musulmi ba ne, don kawai ya san hanya. Madina tana arewa, suka nufi kudu zuwa kogon Sauru, suka kwana uku. Abdullahi ɗan Abubakar yana kawo labarin abin da Ƙuraishawa ke ƙullawa, Asma'u tana haɗa guzuri, Amiru ɗan Fuhaira yana koro tumaki suna shafe sawu. Bayan duk wannan shiri, da masu nema suka tsaya a bakin kogo, dabara ta ƙare, a nan ne Manzon Allah ya kwantar wa abokinsa Abubakar hankali da cewa Allah yana tare da su. Haka tawakkali yake a wurin wanda ya koya mana shi: jiki yana aiki iyakar ƙarfinsa, zuciya tana jingine da Allah tun daga farko har ƙarshe. Shi ne kuma ya ce wa wani mai raƙuma ya ɗaure ta tukuna, ya kuma dogara ga Allah, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito. Sayyidina Umar da ya isa Sarg ya ji annoba ta ɓarke a Sham, juyawa ya yi da jama'arsa, kuma da aka tambaye shi ko ƙaddara yake gudu, ya nuna cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce.

Akwai abin da nake so matuƙa jirage su riƙe da kyau. Shari'a ta ɗora diyya da kaffara a kan wanda ya kashe mumini bisa kuskure, yana nan a Suratun Nisa'i. Wanda aka kashe ɗin ai kwanansa ne ya ƙare, amma hakan bai sauke wa wanda ya yi sanadi nauyi ba. In kuskure ke nan, ina ga ganganci? Ɗan'uwana mai fito, ka san iyakar abin da jirginka ke ɗauka fiye da kowa. Ka san inda kututture yake a ƙarƙashin ruwa, ka san da duhu ba a ganinsa. Kuɗin mutum goman da ka ƙara ba za su sayi likkafanin waɗanda za a tsamo ba, balle su tsaya maka ranar da za a tambaye ka amanar da aka damƙa maka.

Na san talaka ba don marmari yake hawa ruwa ba. Wasu ƙauyukan babu gada, babu titi, da damina ruwa ya zagaye su. Wasu kuma tsoron 'yan bindiga ne ya raba su da hanyar mota. Jirgi ɗaya ne, in ya tafi sai gobe. Wannan hakki ne a wuyan masu mulki, kuma kada mu gaji da tambayarsu gada da sababbin jirage. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare, ta wajabta sa rigar kariya, amma doka a takarda ba ta tsamo kowa daga ruwa sai an sami mai tsayawa a mashigi ya tabbatar da ita. Su ma masu mulkin su daina fakewa da ƙaddara, su zo ta'aziyya da buhunan shinkafa su koma, sai kuma wani jirgin ya kife.

Sai dai kafin gada ta zo, akwai abin da ke hannunmu yau. Sarakunan ruwa da masu unguwanni, ku zauna da matuƙa ku yanke wa kowane jirgi adadinsa, a rubuta da fenti a jikinsa kowa ya gani, wanda ya ƙetare a hana shi fito. Malaman Islamiyya da masu shirya biki, in yara sun yi yawa ku yi sawu biyu ko uku, ku tashi da hantsi, ku dawo rana tana sama. Gara a rasa buɗe taro da a kwana ana lalube a ruwa da fitila. Alhazanmu masu hali, da kuke neman inda za ku zuba sadaka mai gudana, ku sayi rigunan kariya, har da na yara, ku ajiye a mashigin garinku a hannun amintacce. Limamai kuma, ku ɗauki maganar nan zuwa mumbari, domin daga bakinku ne jama'a za su yarda cewa sa rigar nan ba raunin imani ba ne. Ba ta hana ajali in ya zo, mun sani. Muna sa ta ne don bin umarnin wanda ya ba mu aron ran, sannan mu bar masa sauran.

Kai kuma fasinja, ke kuma uwa mai goyo, in kun ga jirgi ya cika, ku sauka. Ko an yi muku dariya, ku sauka, ku kuma riƙo hannun na kusa da ku. Ku yi addu'ar shiga abin hawa da zuciya ɗaya, ku roƙi Allah ya kai ku lafiya, amma kada ku yarda a ƙara mutum ko ɗaya a kan adadi, kada ku hau bayan magariba, kuma ku tambayi rigar kariya da babbar murya tun kafin ku miƙa kuɗin fito.