Kuɗin Magani: Biya Daga Aljihu ko Biya Tun Kafin Ciwo?

Tun daga 2023, da darajar naira ta faɗi, kamfanin GSK kuma ya sanar da janyewarsa daga Najeriya, farashin magani ya yi tashin gwauron zabi. Idan kana ganin likitan hawan jini a Asibitin Murtala, ko kina kai yaro Asibitin Hasiya Bayero, ba sai an gaya muku ba. Sai dai tsadar ba ta cizon kowa daidai, domin ya danganta da yadda mutum yake biya.

Mai biya daga aljihu, kuma su ne suka fi yawa, kowace naira a jikinsa take. Likita ya rubuta na wata guda, shi kuwa ya ce wa mai kemis a ba shi na kwana goma. Ya riƙa raba ƙwaya biyu. Ya ji sauƙi, ya ajiye sauran. Hawan jini kuwa ba ya sallama, sau da yawa sai ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta lalace ake farga, kuma wankin ƙoda na mako guda ya fi maganin watanni tsada.

Wanda ya shiga tsarin taimakekeniya, na hukumar KSCHMA ta jihar Kano ko na NHIA ta tarayya, ya riga ya biya. A tsarin ma'aikatan tarayya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani ake karɓa a hannunsa. Ko da maganin dubu goma ya koma dubu ashirin, dubu ɗaya ce ta ƙaru a kansa, don haka ba ya tsallake sha.

To me ya sa mutane ke ja da baya, alhali dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya? Ɗan kasuwar Kurmi kullum yake samu, kullum yake kashewa, fitar da kuɗin shekara a dunƙule yana masa nauyi. Wani kuma ya ce ba zai biya kuɗin ciwon da bai zo ba, ko da yake yana zubin adashi. Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne a yi rajista, a je karɓar magani a ce babu, a saya a waje. Wannan biya biyu ne, kuma mai ƙorafin yana da gaskiya.

Idan akwai mai ciwon suga, hawan jini ko sikila a gidanku, ku haɗa abin da kuka kashe a wata uku, ku ninka sau huɗu, ku gwada da kuɗin rajistar shekara. Kafin ku biya, ku nemi a nuna muku jerin magungunan da tsarin ya ɗauka, ku duba ko naku na ciki.