Shin Farin Wata Ne Ke Sa Kifi Tsada?

Duk wanda ya saba cefane a Terminus, cikin birnin Jos, ya san cewa tun bayan gobarar da ta cinye babbar kasuwar a shekarar 2002 ba a daina ciniki a kewayenta ba, kuma kifi yana daga cikin abin da ake nema kullum. Akwai banda da ake kawowa daga yankin Tafkin Chadi da kogin Binuwai, akwai tarwaɗar kiwo, ga kuma kifin ƙanƙara da ake shigowa da shi daga ƙasashen waje. Idan kifi ya yi tsada, wani lokaci akan ɗora laifin a kan farin wata. Ya kamata mu auna wannan magana, domin ta shafi aljihun magidanci da kuma abincin masunci.

Wata yana taɓa ruwa ta hanya biyu, watau ta ƙarfin jansa da kuma ta haskensa. Ƙarfin jan nan shi ke sa teku ta cika ta janye sau biyu a kowace rana. Cikar takan fi ƙarfi a lokacin tsayuwar wata da kuma daren goma sha huɗu, sa'ad da rana da wata da duniya suke kan layi ɗaya. A bakin teku, kamar a Ikko ko Kalaba, wannan motsi yana kwaso ƙananan halittun da kifi ke ci, kifi kuwa ya bi abincinsa. Saboda haka masuncin teku da ke lissafin kwanan wata yana da hujja.

A kan irin wannan tunani ne wani Ba'amurke, John Alden Knight, ya kafa ra'ayinsa a shekarar 1926, cewa akwai sa'o'in da kifi ya fi cin abinci gwargwadon inda wata yake a sama. Har ya buga jadawali, wanda masu kamun kifi da fatsa a Amurka suke bi har yau. Amma da masana suka gwada abin, sakamakon bai zo ɗaya ba, musamman a ruwan da ba na teku ba.

To, mu nan Arewa ba mu da teku. Madatsar ruwa ta Lamingo, da tafkin Pandam, da kududdufan da haƙar kuza ta bari a Filato, duk sun yi ƙanƙanta ƙwarai da a ce jan wata ya motsa su yadda kifi zai ji. Ko tafkin Kainji, da aka samu bayan gama madatsar a 1968, haka yake. Abin da ya rage mana shi ne haske, kuma a nan maganar Sarkawa da sauran masunta take da tushe. Idan dare ya yi haske kuma ruwa garau yake, kifi yakan hangi kalli ya kauce masa. Kifayen da ke farauta da ido, irin su tsage, sukan sami damar cin abinci a daren farin wata. Tarwaɗa kuwa da gashin bakinta take laluben abinci, don haka duhu ba ya hana ta kiwo.

Misalin da ya fi fitowa fili yana gabashi da kudancin Afirka. A tafkunan Tanganyika da Biktoriya da Kariba, da fitila ake yaudarar ƙananan kifaye su taru a bakin koma. Da zarar wata ya cika, hasken fitila ba ya tasiri, sai masunta su dakata na 'yan kwanaki, kifin kuma ya yi ƙaranci a kasuwa.

Amma fa kada mu ba wata abin da ba nasa ba. Tarwaɗar da ake kiwo a kwali ko a kududdufi hannun mai ita take jira, kifin ƙanƙara kuwa kuɗin canji da na mota ne ke yanke masa farashi. Banda ma takan yi makonni kafin ta iso Jos. A Filato, wadda tudunta ya kai mita 1,200, sanyi ya fi wata iko a kan kifi, domin jikin kifi zafin ruwa yake bi. Idan hunturu ya kankama, karfasa takan rage cin abinci ko da wane irin wata ne a sama. Sanyin nan ne ya sa a gonar kifi ta Panyam, wadda aka kafa a shekarun 1950, aka kawo wani kifin Turai mai jure sanyi. Haka nan cikar kogi da janyewarsa: bikin su na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, da rani ake yinsa, bayan ruwan Matan Fada ya ja baya.

Babban abin tsoro shi ne aikin hannunmu. Koma mai ƙananan idanu tana kwashe 'ya'yan kifi tun ba su girma ba, masu zuba guba a ruwa kuma suna kashe babba da ƙarami. Duhun wata yana dawowa bayan kwana 29 ko 30, amma ruwan da aka ƙarar da kifinsa sai ya yi shekaru bai farfaɗo ba.

Saboda haka muna ba masunta shawara su riƙa rubuta kwanan wata, da yanayin ruwa, da yawan abin da suka kama, domin bayan shekara guda su ga gaskiyar ruwansu da idonsu. Muna kuma kira ga sarakunan ruwa da ma'aikatan gona na jihohi su tsananta hana guba da ƙaramar koma. Mai cefane a Terminus kuwa, idan aka ce masa farin wata ne, sai ya fara tambayar daga wane ruwa kifin ya fito. Allah ya sa mu dace.