Ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba



Ka tuna abin da ya kai ka ajin yaƙi da jahilci? Ka gaji da dangwala yatsa a takardar da ba ka san abin da ta ƙunsa ba. Ka gaji da kai wasiƙar ɗanka wurin wani ya karanta maka, ya ji sirrin gidanka. Ka daure, ka zauna bisa tabarma da dare bayan aikin gona, har ka iya. Madalla. To amma ga wata takarda da ka sa wa hannu ba ka karanta ba, kuma tana cikin aljihunka yanzu haka.

Ranar da ka sayi salula, wani yaro ya sa maka WhatsApp da Facebook. Wani dogon rubutu ya fito da Faransanci ko Turanci. Yaron ya danna wurin da aka ce "na yarda", ya miƙo maka. Shi ma bai karanta ba. Wannan rubutu yarjejeniya ce tsakaninka da wani kamfanin Amurka mai suna Meta. Shi ya rubuta ta, shi ke sake ta in ya ga dama. Kai naka dai yarda.

Na san amsar da za ka ba ni. Za ka ce: "Malam, ai kyauta ne. Da shi nake jin muryar ɗana da ya tafi bida Abijan. Da shi nake sanin kuɗin buhun albasa a kasuwar Katako tun ban ɗora kaya a mota daga Galmi ba." Gaskiyarka. Ni ma ina aiki da shi, ba zan ce maka ka jefar ba. Amma banza ba ta kai zomo kasuwa. A shekarar 2014 kamfanin Facebook, wanda daga baya ya koma Meta, ya sayi WhatsApp a kan dalar Amurka miliyan dubu 19. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Kuɗin nan sun fi duk arzikin da Nijar gaba ɗayanta ta samar a waccan shekara. Ɗan kasuwa yana zuba irin wannan dukiya don Allah da Annabi? A 2024 kamfanin ya samu sama da dala miliyan dubu 160, kusan duka daga talla. Abin da yake sayar wa masu talla shi ne idonka da lokacinka da sanin halinka.

Kada in yi masa ƙarya. Tun 2016 saƙon WhatsApp a kulle yake tafiya, kamfanin ba ya jin abin da ka faɗa wa ɗanka. Amma ya san lambarka da lambobin da ke cikin wayarka. Ya san irin wayar, da lokacin da kake buɗe ta. A Facebook kuwa duk abin da ka tsaya kallo yana rubutawa. Mai karanta maka wasiƙa a da, ko ba komai ka san gidansu, in ya tona maka asiri sai ka kai shi gaban mai gari. Wannan fa, gaban wa za ka kai shi?

Najeriya ta gwada. A watan Yuli na 2024 hukumar kare masu saye ta ƙasar ta ci Meta tarar dala miliyan 220 saboda yadda yake yi da bayanan mutane. Da taran suka taru, a 2025 kamfanin ya shaida wa kotu cewa yana iya rufe Facebook da Instagram a ƙasar. Ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 ke nan aka yi wa wannan magana. Mu ma muna da doka. Tun 2017 Nijar ta yi dokar kare bayanan mutum, aka kafa mata hukuma a Yamai. Tambayata ita ce, an taɓa zuwa garinku aka karanta muku ita da Hausa ko Zabarmanci? Kai da aka yi dominka, ka san ƙofar da za ka buga?

Akwai wata dokar kuma, ita ce ta fi saurin iso ka. A 2019 an yi dokar laifuffukan intanet, a watan Yuni na 2024 aka maido da hukuncin ɗauri a kan ɓata suna da zagi ta waya. Saƙo ya shigo maka, ba ka san wanda ya fara shi ba, ka tura wa wasu. In ƙarya ce kai za a nema. Kamfanin da ya shimfiɗa hanyar, ya ci riba da yawan masu binta, yana can ƙetaren teku.

Yanzu bari mu koma bakin rijiya, don can maganar take. Dattawa sun ga famfunan da aka kakkafa a ƙauyuka bayan farin shekarun 1970. Ranar buɗewa an yi guɗa. Bayan ƴan shekaru wani ɗan ƙarfe ya lalace a ciki, babu irinsa a kasuwa, maƙerin gari bai san cikinsa ba. Famfo ya zama turken awaki, mata suka koma tsohuwar rijiya. Me ya sa rijiya ba ta mutu ba? Don kowa ya san yadda take. Guga ya yage a ɗinke, igiya ta tsinke a tufka wata, ta cushe a kira masu yasa.

Abin da ke tafiyar da waya da kwamfuta ana ce masa manhaja, wato jerin umarni da mutane suka rubuta wa na'ura. Ita ma iri biyu ce. Akwai rufaffiya, irin famfon nan, mai ita kaɗai ya san cikinta. Ranar Litinin 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka tsaya cik a duniya duka, wajen awa 6, saboda kuskuren da aka yi a cikin kamfanin. Daga Yamai har Zinder babu wanda ya iya komai sai jira. Akwai kuma buɗaɗɗiya. Ita an baje rubutunta a fili, duk mai sani yana iya karantawa, ya gyara, ya juya ta zuwa harshensu, ya ba wani ba tare da neman izini ba.

Kada ka ɗauka buɗaɗɗiyar kayan talaka ce marar ƙarfi. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara wata a 1991, ana kiranta Linux. A kanta aka gina Android da ke cikin yawancin wayoyinmu. Makullin nan da na ce WhatsApp yana kulle saƙo da shi, masu buɗaɗɗiyar manhajar Signal suka ƙera shi, kamfanin ya ɗauka. A nan gida ma'aikatar lafiya tana tara alƙaluman asibitoci da wata buɗaɗɗiya, DHIS2, wadda jami'ar Oslo ta Norwe ke jagoranta. Kuma samari da ƴan mata na Yamai sun bi unguwannin da ambaliya ke ci, sun zana su a taswirar OpenStreetMap, wadda kowa ke iya ɗauka ya yi aiki da ita.

Saboda haka ina da magana da hukuma. Kuɗin talakawa da ake sayen manhaja da su, a fara duba buɗaɗɗiya. Yaranmu da ke karatu a jami'ar Abdu Mumuni su ne maƙeran wannan zamani, a ba su abin da za su iya buɗewa su gyara. Kamfanin da ke son mutanen Nijar kuma, a tilasta masa ya faɗi sharuɗɗansa da harsunanmu, a rubuce da kuma da murya, a gajarce.

Sai dai buɗaɗɗiyar manhaja ba ta maganin komai. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na watan Fabrairu 2021 an yanke intanet na salula a Nijar har kwana 10. Wannan ba aikin Meta ba ne, daga gida aka yi shi. Mai albasa da mai ɗa a Abijan ba su ƙona taya a titi ba, amma har da su aka rufe.

Shi ya sa naka aikin ba ya jiran kowa. In kana cikin ƙungiyar manoma, ko matarka tana cikin asusun mata, kada lissafinku ya zauna cikin WhatsApp kaɗai. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, ana iya rufe lamba. Ku sayi littafi. Ku rubuta wanda ya zuba, da wanda ya ɗauka, da ranar. Lambobin ƴan'uwanka da ke nesa, kwafe su a shafin baya. In wani rubutu ya sake fitowa a waya yana neman yardarka, kada ka bari yaro ya danna. Kai wa malamin ajinku ku karanta tare, ko da zai ɗauke ku dare biyu.