Don Allah a daina cewa "sanyi ne"

1/
Akwai kalma ɗaya da nake ganin ta lalata gaɓoɓin mutane da yawa a ƙasar nan: sanyi. Gwiwa ta kumbura, sanyi. Yatsu sun ƙage, sanyi. Mara na ciwo, shi ma sanyi. Ni ina da amosanin gaɓɓai irin wanda likitoci ke kira rumatoyid, kuma nawa ya taɓa har muƙamuƙi. Ku ɗan ba ni aron hankalinku, maganar da tsawo.

2/
Ciwon nan ba wanka da ruwan randa ke kawo shi ba, ba kwana a siminti ba, ba fanka ba. Garkuwar jiki ce, wadda aikinta yaƙar ƙwayoyin cuta, take juyowa kan siririn tantanin da ya lulluɓe cikin gaɓa. Wurin ya kumbura, ya yi zafi, in aka ƙyale shi sai ya dinga cin guringuntsi da ƙashi a hankali. Abin da ya riga ya ci kuwa ba ya dawowa. Ku riƙe wannan, nan ne duk damuwata take.

3/
"Ke da ƙuruciyarki?" Na ji wannan har na gaji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 18 ne ke da wannan ciwo, kusan kashi 70 cikin ɗari mata ne, kuma kashi 55 ne suka haura shekara 55. To sauran fa? Muna nan cikinku, wasunmu a aji ɗaya da ku.

4/
Yanzu sa yatsa a gaban kunnenka, ka buɗe baki ka rufe. Ka ji abin da ke motsi? Gaɓa ce kamar gwiwa, guda biyu, hagu da dama, kuma tare suke aiki. Da ita kake tauna, magana, hamma, dariya, karatu. Gwiwa in ta dame ka sai ka zauna ka hutar da ita. Baki fa, ya za ka hutar da shi?

5/
Yawancin masu lafiya suna iya jera yatsu uku tsakanin haƙoran sama da na ƙasa. Ranar da ciwon ya motsa, biyu ma da ƙyar nake sawa. Da asuba ya fi tsanani, bakin a ƙage, yatsu a ƙage, sai an fi awa kafin su saki. Buroshi na yara nake amfani da shi saboda shi ke shiga. Hamma kuwa sai na tallafe haɓa da hannu kamar mai tagumi.

6/
Kilishi, tsire, ƙuli-ƙuli, rake, aya, gasasshiyar masara: mun yi sallama. Cingam ko a mafarki. Kunu, fate, alale, tuwo mai laushi da miyar kuka su ne mutanena. Babbar sallah ita ce jarrabawa, gida ya cika da ƙamshin suya, ni kuma ina jiran a daka min dambun nama. Allah ya saka wa Umma da alheri, ita ba ta taɓa mantawa.

7/
Amma wallahi rashin tsire bai kai fassarar mutane ciwo ba. Na yi shiru a ɗaki, wai girman kai. Ban ƙyalƙyale da dariya ba, wai fushi nake. Na bar nama a faranti a gidan biki, wai yanga. Wani malami ya taɓa rage min maki wajen gabatar da aiki a gaban aji, wai ba na buɗe baki in yi magana. Gaskiya ya faɗa, ban buɗe ba. Bai dai tambayi dalili ba.

8/
Mai sanda ko mai bandeji kowa na ganinsa ya ba shi hanya. Mu kuwa fuska fes, ga hoda ga mayafi, don haka lafiya lau muke.

9/
Mu koma kan "sanyi". Matsalata da kalmar ita ce tana rufe bincike. Da an faɗe ta, magana ta ƙare, kowa ya zama likita: a sha citta da kanumfari, a shafa man zafi, a jiƙa sassaƙe, ga mai mota da lasifika a bakin kasuwa yana da kwalba ɗaya mai maganin cuta goma sha. Wani ya ce jifa ne. Ana haka wata shida ya wuce, shekara ta wuce.

10/
Alhali watannin farko su ne masu tsada. Likitocin gaɓɓai sun daɗe da gano cewa in aka fara maganin da ke danne ciwon da wuri, ana iya kare gaɓar kafin ta lalace, wasu ma ciwon ya kwanta su yi rayuwarsu kamar kowa. In aka makara, yatsu su karkace. A muƙamuƙi kuma kan ƙashin na iya zaizayewa har haƙoran gaba su daina haɗuwa in an rufe baki. Babu citta da za ta gyara wannan.

11/
Na muƙamuƙi yana da tasa yaudarar: yana zuwa kamar ciwon kunne, ciwon haƙori ko ciwon kai ta gefe. Ni an ɗiga min maganin kunne, an kuma kusa cire min turmin haƙori mai lafiya, kafin wata likita ta ce in miƙo hannuwana ta gani. Gaɓoɓin yatsu a kumbure, hagu da dama iri ɗaya. Daga nan ta tura ni gwajin jini.

12/
Sai kuma "haɗi" na kyamis, ƙwayoyi kala-kala a ƙulle cikin leda babu suna. Sau da yawa akwai irin su firednisolon da daikulofenak a ciki. Za ka ji sauƙi kam, har ka yi wa mai shagon addu'a. Amma shan firednisolon na dogon lokaci ba bisa ƙa'ida ba yana raunana ƙashi, yana tada suga da hawan jini. Daikulofenak kuma na iya jawo gyambon ciki ya taɓa ƙoda. Likita ma yana ba da su, sai dai da awo da lissafi.

13/
Maganin da aka fi farawa da shi sunansa metotireksat. Sau ɗaya a MAKO ake sha, ba kullum ba, shan sa kullum na iya kisa. Ana haɗa shi da folik asid, ana duba jini da hanta lokaci-lokaci, kuma yana ɗaukar makonni kafin a ji aikinsa. 'Yan uwana mata, wannan ba a ɗaukar ciki a kansa, yana illata ɗan tayi. Mai shirin aure ta gaya wa likitanta tun kafin a sa rana. Kar wanda ya je ya saya don ya gani a nan, don Allah.

14/
Na san wani zai ce ai kakanninmu da sassaƙe suka rayu. Haka ne. Amma ka tuna tsohuwar unguwarku mai karkatattun yatsu, wadda ba ta iya ɗaura zani sai an taya ta? Ita ma "sanyi" aka ce mata. Addu'a kuwa ina yi, ana yi min, kuma ban ga inda ta hana ni zuwa asibiti ba.

15/
Wani kuma zai ce asibiti kuɗi ne. Nan kam ba ni da ja. Likitocin gaɓɓai kaɗan ne a Najeriya, yawanci sai a manyan asibitocin koyarwa, irin na Aminu Kano ko na Shika a Zariya. Ga kuɗin mota, ga layi, ga gwaji, ga magani duk wata. Amma ku lissafa abin da ake kashewa a kwalabe da haɗi cikin shekara ɗaya, sannan a ƙarshe a zo asibitin dai, da gaɓar da ta riga ta lalace.

16/
In gaɓoɓin yatsu, wuyan hannu ko na ƙafa suna kumbura ɓangare biyu, suna ƙagewa da safe fiye da rabin awa, abin ya ɗauki makonni, ga kasala mai nauyi, a je a ga likita. Akwai gwajin RF da anti-CCP, da ESR ko CRP masu nuna kumburi. Wasu gwajin RF ɗinsu ba ya nuna komai kuma suna da ciwon, shi ya sa dole likita ya duba gaɓar da hannunsa. Samari masu sigari, hayaƙin taba yana ƙara haɗarin kamuwa, yana kuma rage aikin magani.

17/
Abin da ke rage min na baki: tawul mai ɗumi a gefen fuska da safe, yanka abinci ƙanana, da ɗan motsa muƙamuƙi yadda aka koya min a asibiti. In ina da lakcar ƙarfe takwas, tun biyar nake fara lallaɓa shi.

18/
Masu tambaya ku rubuto, zan amsa a hankali, yatsun ma yau sai a hankali. Kira kam a bari sai bayan ƙarfe goma, lokacin bakin ya saki.