Wa Zai Koya wa Mai Banda Kasuwanci?

A jami'o'in Turai da Amurka akwai wata al'ada da ta daɗe: idan hutu ya zo, sai waɗansu ɗalibai su ɗaure kayansu su nufi Afirka ko Asiya domin aikin sa kai. Ƙungiyar VSO ta Ingila ta soma tura matasa a shekarar 1958. A 1961 Shugaba Kennedy na Amurka ya kafa Peace Corps, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fara karɓar mutanenta. A wancan zamani yawancinsu koyarwa suka yi a makarantun sakandare. Daga baya sai hankali ya karkata wajen ƙananan sana'o'i. Tsakanin 2011 da 2020 gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyin wani shiri mai suna ICS, wanda ya riƙa tura matasa 'yan shekara 18 zuwa 25 su yi kimanin mako 12 a ƙasashe masu tasowa, suna aiki tare da takwarorinsu 'yan ƙasa. Wani reshe na shirin an keɓe shi ne domin taimaka wa masu ƙaramin jari.

Niyyar tana da kyau, babu mai musun haka. Amma kyakkyawar niyya ba ta ƙara wa kowa riba. Tambayar da ta dace da ɗalibin kimiyya ita ce: shin taimakon yana aiki, kuma ta yaya za a gane?

Masana tattalin arziki sun aro dabarar likitoci domin amsa wannan tambaya. Akan tara 'yan kasuwa masu yawa, a jefa ƙuri'a a raba su rukuni-rukuni, a ba wani rukuni horo, a bar wani yadda yake, sa'an nan bayan watanni a gwada ribarsu. Amfanin ƙuri'ar shi ne kada masu himma su taru a gefe guda, a zaci horon ne ya ɗaga su alhali halinsu ne. An yi irin wannan gwaji a unguwar Dandora da ke birnin Nairobi na ƙasar Kenya, aka buga sakamakonsa a 2018. Mata ne sababbin shiga kasuwanci. Waɗansu aka sa su a aji, aka koya musu lissafi da dabarun talla. Waɗansu kuwa aka haɗa kowacce da wata gogaggiyar 'yar kasuwa ta unguwarsu mai irin sana'arta. 'Yan aji sun canja yadda suke rubuta lissafi, amma ribarsu ba ta motsa ba. Waɗanda aka yi wa uwar ɗaki kuwa ribarsu ta ƙaru da kimanin kashi 20 cikin 100, kuma da aka bi diddigi sai aka tarar babban abin da suka samu shi ne sanin inda ake saro kaya da araha. Har wa yau, da hulɗar ta yanke sai ƙarin ya riƙa dusashewa.

A Jamhuriyar Dominika ma an gwada darasin akanta irin na makaranta da 'yan ƙa'idoji masu sauƙi, kamar a ajiye kuɗin sana'a a aljihu guda, na cefane a wani aljihun. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna ƙa'idojin nan masu sauƙi sun fi tasiri, musamman ga masu ƙarancin karatu.

To, a ɗauko wannan darasi a kawo shi fadamar Haɗeja. Mai sana'a a nan, ko masunci ne a Guri, ko manomin shinkafa a Auyo, ko mai saƙar tabarmar kaba a Kiri Kasamma, jarinsa yana rataye ne da ruwan kogi. Ruwan kuwa ya daina bin tsohuwar ɗabi'arsa tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, dukkansu a Jihar Kano. A da kogin yakan cika ya batse da damina, ya malale fadama, kifi ya hayayyafa, sa'an nan ya janye da rani ƙasa ta bushe. Da aka koma sakin ruwa daga madatsun har cikin rani, sai ciyawar kacala ta sami abin da take so, watau ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama maɓoyar jan baki masu cinye shinkafa da gero. Wani gari ruwa ya yi masa yawa, wani kuma ya daina isa gare shi. Ga kuma ambaliya irin ta 2020 da 2022, wadda ta yi ɓarna mai yawa a Jigawa.

Yanzu a ƙaddara wani saurayi ya sauka a wannan wuri daga wata jami'a ta Ingila, da takardun darasin tsara kasuwanci a jakarsa, kuma mako 12 ne gare shi. Ba ya jin Hausa, balle Badanci ko Fulatanci. Bai san bambancin tiya da mudu ba. Bai san abin da ya sa mai banda ke sayar wa dillali guda shekara da shekaru ko da wani ya taya da tsada ba. Zai ɗauka rashin wayo ne, alhali dillalin nan shi ne mai ba da rance ranar da koma ta yage ko yaro ya kwanta ciwo. Kafin ya gane wannan, ranar komawarsa ta zo. Idan da rani ya zo, bai ga damina ba, kuma wanda bai ga damina a fadama ba bai ga rabin lissafin ba. Haƙiƙa zai koma gida da ilimi mai yawa, kuma wannan ba abin raini ba ne, sai dai a kira abin da sunansa: shi aka koyar.

Wannan ba ya nufin fita waje aikin sa kai ba shi da amfani. Nijeriya kanta tana da shirin Technical Aid Corps, wanda aka kafa a 1987, yana tura malamai da likitoci da injiniyoyi zuwa ƙasashen Afirka da tsibiran Karibiyan da na Fasifik. Amma a lura da bambancin: ƙwararru ake turawa, shekara 2 suke yi, kuma ƙasar da za su je ita ce ke faɗin irin mutanen da take bukata.

Abin da ya fi dacewa da Haɗeja yana kusa da ita. Akwai Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, wadda aka kafa a 2013, da Jami'ar Tarayya ta Dutse ta 2011, da Kwalejin Fasaha ta Binyaminu Usman a cikin garin Haɗeja, ga Jami'ar Bayero a Kano. Ɗalibai da yawa a waɗannan makarantu 'ya'yan masunta ne da manoma, sun san harshen, sun san wanda ake fara gaisarwa idan an shiga gari. Sai dai su ma kada su ruɗi kansu. Ɗan shekara 20 da ya ci jarrabawar darasin kasuwanci bai fi matar da ta yi shekara 30 tana turara shinkafa sanin kasuwa ba. Idan lacca ya je yi mata, zai maimaita kuskuren baƙon ne da harshen gida.

Abin da ɗalibi yake da shi wanda ita ba ta da shi, shi ne awo. Mai sana'a ya san yana asara, amma sau da yawa bai san a wane mataki take shiga ba, domin ba shi da sikeli, ba shi kuma da lokacin rubutu. Alal misali shinkafa. Shanshera tana son a busar da ita har danshinta ya sauko wajen kashi 14 cikin 100 kafin a kai ta inji. Idan danshin ya yi yawa sai ta yi fumfuna a buhu. Idan kuwa rana ta gasa ta fiye da kima sai ƙwayar ta tsattsage, ta kakkarye a inji, farashinta ya faɗi. Ɗalibin aikin gona da ya auna buhu kafin inji da bayan inji, a gidaje 20, mako bayan mako, zai iya gano gidan da shinkafarsu ta fi fita lafiya. Daga nan aikinsa ya yi sauƙi: ya tambayi abin da suke yi dabam, ya kuma nemi a haɗa su da sababbin shiga. Wannan shi ne darasin Dandora, an juya shi ya dace da fadama.

Haka zancen yake ga banda. Ɗanyen kifi wajen kashi uku cikin huɗu na nauyinsa ruwa ne, saboda haka kyawun banda ya dogara ga yawan ruwan da aka ƙona. Wanda bai bushe sosai ba ƙwaro da fumfuna za su shige shi kafin ya isa kasuwannin kudu, abin da kan sa waɗansu su yayyafa masa fiya-fiya, guba ce kuwa ga mai ci. Ɗalibin kimiyyar abinci zai iya gwada murhu biyu gefe da gefe, ya auna itacen da kowanne ya ci, da nauyin kifin, da kwanakin da ya yi bai lalace ba. Idan sabon murhun bai fi tsohon ba, sai ya rubuta haka, domin wannan ma sakamako ne, kuma ya fi a sa talaka ya ci bashi ya gina abin da ba zai biya kansa ba. Ita kanta kacala an yi binciken mayar da ita iskar gas ta girki da abincin dabbobi a yankin noman rani na Haɗeja, ƙarƙashin shirin TRIMING da Bankin Duniya ya tallafa. Amma tsakanin abin da ya yi aiki a ɗakin gwaji da abin da zai zama sana'a akwai lissafin kuɗin yanka da na dako, kuma wani ne zai zauna ya yi shi.

Wahalar tana wajen lokaci. Awo irin wannan yana bukatar zagayen shekara guda, daga shuka zuwa kaka, daga cikar kogi zuwa janyewarsa, ɗalibi kuwa yana da zangon karatu da jarrabawa. Maganin wannan yana hannun malamai. Akwai shirin SIWES na koyon aiki, wanda aka soma tun shekarun 1970, inda ɗaliban kimiyya kan yi watanni a wata ma'aikata, waɗansunsu ba abin da suke yi sai sa hannu a rajista. Akwai kuma kundin binciken shekarar ƙarshe, wanda yawanci ƙura yake sha a kan kanta. Babu abin da zai hana sashe guda ya ɗauki ƙauye guda na tsawon shekaru, kowane aji ya miƙa wa na bayansa littafin awo, a kuma karanta wa masu sana'ar sakamakon da Hausa a ƙofar gidan mai gari, tun da su suka ba da kifinsu da shinkafarsu aka auna.

Makarantun sakandare ma suna da rabo a ciki. Malamin kimiyya a Malam Madori ko Birniwa ba ya bukatar jiran jami'a. Sikeli guda da littafin rubutu sun isa ɗaliban aji biyar su bi farashin tiyar shinkafa da na riɗi a kasuwar garinsu kowane mako, daga kaka zuwa bazara, su zana shi a takardar jadawali, sa'an nan su lissafta ko ajiyar buhu na wata huɗu tana biyan kuɗin buhun da asarar ƙwari.