Kuɗin Lauya Da Haƙƙin Wanda Ake Tuhuma

Godiya ta tabbata ga Allah Mai adalci, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa matasa, duk sa'ad da aka kama wani ɗan ƙwallon jami'a a Amurka da tuhuma mai muni, iyalansa suka fito neman gudunmawar kuɗin lauya, sai jama'a su rabu biyu. Wasu su ce wanda ya ba da sisin kwabo ya taimaki fasiƙi, wasu kuma su zuba kuɗi don yaron gwaninsu ne. Ni a ganina duka ɓangarorin sun yanke hukunci tun alƙali bai zauna ba. Abin da nake riƙe da shi shi ne, taimaka wa wanda ake tuhuma ya sami mai kare shi yana cikin tsayar da adalci, muddin an kiyaye sharuɗɗan da zan ambata.

Mu ɗauki labarin Brian Banks. A shekarar 2002 yana ɗan shekara 16, fitaccen ɗan ƙwallon ƙafa irin ta Amurka a wata makarantar sakandare da ke Long Beach, jihar Kalifoniya, har ya yi alkawarin buga wa Jami'ar Kudancin Kalifoniya wasa. Sai wata 'yar makarantarsu ta ce ya yi mata fyaɗe. Mahaifiyarsa ta sayar da gidanta da motarta ta ɗauko lauya. Aka gaya masa cewa in aka yi shari'a ya faɗi, ɗaurin shekara 41 zuwa rai-da-rai ke jiransa, in kuwa ya yarda ba zai musa tuhumar ba, za a sassauta. Kamar yadda shi ya ba da labari, minti goma aka ba shi ya zaɓa, kuma lauyar ta ce masa masu taya alƙali hukunci da sun ga ƙaton saurayi baƙar fata za su ɗauke shi mai laifi. Ya yarda. Ya yi fiye da shekara biyar a kurkuku, sannan aka yi masa sakin talala da na'urar bin sawu a ƙafa, sunansa na cikin rajistar masu laifin fyaɗe. Iyalan yarinyar kuwa suka karɓi dala miliyan ɗaya da rabi daga hukumar makarantun yankin.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. A 2011 ita da kanta ta neme shi a Facebook, suka haɗu, aka naɗi maganarta tana cewa babu abin da ya yi mata. Lauyoyin California Innocence Project, waɗanda ba su karɓar kuɗi, suka ɗauki maganar, kotu ta wanke shi ranar 24 ga Mayu, 2012. A 2013 ƙungiyar Atlanta Falcons ta gwada shi yana ɗan shekara 28, ta sallame shi kafin a fara gasa. Shekara goma ta ƙuruciya ta tafi.

Yanzu a dubi wata shari'ar. A 2006 an tuhumi ɗalibai uku 'yan wasan lakuros na Jami'ar Duke, a jihar Karolina ta Arewa, da irin wannan laifi. Iyayensu masu hali ne, an kashe miliyoyin daloli wajen kare su. Lauyoyinsu suka zauna suka bi takardun gwajin ƙwayoyin halitta shafi-shafi, har suka gano cewa an ɓoye sakamakon da ke wanke yaran. A watan Afrilun 2007 babban lauyan jihar ya janye tuhumar, ya ce ba su da laifi, a watan Yuni kuma aka ƙwace lasisin mai gabatar da ƙarar, Mike Nifong. Duka huɗun ba su aikata ba. Uku sun kuɓuta cikin shekara guda, ɗaya ya yi shekara goma. Launin fata yana cikin dalilai, amma wanda ya ce zurfin aljihu ba ya ciki bai yi adalci ba.

Tun 1963 Kotun Ƙolin Amurka ta wajabta wa jihohi su ba talakan da ake tuhuma da babban laifi lauya kyauta. Sai dai lauyoyin gwamnati shari'u sun yi musu yawa, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda ake samu da laifi a can ta hanyar ciniki irin na Banks ake samun su, ba tare da an saurari shaidu ba. Hausawa sun ce shari'a mace ce da ciki. Wanda ba shi da mai tsaya masa, tsoron abin da za ta haifa kaɗai ya isa ya sa shi amsa laifin da bai yi ba.

Addininmu bai jahilci wannan ba. A hadisin Ummu Salama da ke cikin Bukhari da Muslim, Annabi (SAW) ya faɗakar cewa wani mai jayayya yakan fi abokin shari'arsa iya tsara hujja, a yanke masa bisa abin da aka ji, alhali abin da ya karɓa yanki ne na wuta. Ke nan iya magana yana karkatar da hukunci ko a gaban mafi adalcin alƙalai, balle waninsa. Shi ya sa malaman fikihu suka halatta wakilci a shari'a, suka kuma ɗora kawo hujja a kan mai da'awa. Suratul Hujurat aya ta 6 ta umarce mu da bincike kafin mu cutar da mutane bisa labari, kuma Annabi Yusuf (AS) ya yi shekaru a kurkuku ba da laifinsa ba.

To amma ga sharuɗɗan. Na farko, kada ka san ya aikata kuma ka ba da kuɗi don a musa. Suratun Nisa'i aya ta 105 ta hana tsaya wa maha'inta, kuma malaman tafsiri sun ambata cewa ta sauka ne game da wani da ya yi sata, danginsa suka so a ɗora wa Bayahude. Mai laifi ma yana da haƙƙin kada a hukunta shi fiye da laifinsa, amma wannan daban yake da ƙaryata gaskiya. Na biyu, kada kuɗin ya zama na sayen shaidu, ko na tsorata mai ƙara da tona mata asiri. Fyaɗe yana faruwa, kuma akwai 'yan wasan da suka aikata, kotu ta tabbatar. Wanda ya ɗauki labarin Banks ya mai da shi sandar dukan duk macen da ta kai kuka, ya gyara zalunci da zalunci. Na uku, ka bincika niyyarka. In don yana cin ƙwallo ka bayar, to son wasa ne ya motsa ka, kada ka kira shi sadaka.

Wannan na ukun ya fi damuna. Tauraro yana da tsofaffin ɗalibai da magoya baya da 'yan jarida. Wanda ba ya buga komai, aka tsare shi shekaru yana jiran shari'a don an rasa kuɗin lauya ko na beli, shi wa ke gare shi? Irinsa suna nan a gidan yarin garinku. Uwar da ta ci bashi don kare ɗanta tana iya shiga cikin mabartan da Suratut Tauba aya ta 60 ta lissafa cikin masu cin zakka, sai a tambayi malamai a kan halin kowacce. Wanda Allah Ya hore wa, ya fara da su. Wanda ya karanci shari'a, ya ware ko da ƙara ɗaya a shekara ya tsaya mata don Allah. Wanda ba shi da ko ɗaya, ya kame harshensa da yatsunsa har hujja ta bayyana.

Allah Ya kuɓutar da duk wanda aka tsare bisa zalunci, Ya bi wa duk wadda aka keta wa haddi haƙƙinta. Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum.