Mun Ga Landan, Ba Mu Ga Sifawa Ba

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi, sai dai wani ilimin kunya yake buɗe wa mutum. Wannan shi ne abin da ya same ni ranar da na ɗauki maiɗakina yawon buɗe ido a birnin Landan, bayan kammala wani taron aiki da ya kai mu can.

Tun da hantsi muka fita. Muka tsaya gaban hasumiyar agogon Big Ben, muka bi gaɓar kogin Thames, sannan muka shiga gidan tarihi na British Museum, wanda aka kafa a 1753, inda ake shiga kyauta. Amma abin da ya ɗauki hankalin uwargida shi ne wasu ƙananan faranti masu launin shuɗi da ake maƙalawa a bangon gidaje. Kowane faranti na ɗauke da sunan wani shahararren mutum da ya taɓa zama a gidan. Tun 1866 Turawa suka fara wannan al'ada, har Kwame Nkrumah na Ghana yana da nasa.

Da la'asar muna hutawa sai ta dube ni ta ce, “Malam, an ce Shehu ya zauna a Sifawa. Wai a daidai ina ne?” Na yi shiru kamar ruwa ya cinye ni. Ni ɗan Lambara ne a ƙaramar hukumar Shagari. Ban san adadin lokutan da na ratsa ƙasar Boɗinga zuwa Sakkwato ba, amma ko sau ɗaya ban taɓa tsayar da mota na ce a nuna mini ba.

Mai karatu, dubi abin da muke wucewa a guje. A Sifawa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, yana karantarwa yana wallafa littattafai, kafin ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu a 1817. A zamansa na Sifawa ne ya raba ragamar gudanar da daula, yamma ga ƙaninsa Malam Abdullahi, wanda ya zauna a Boɗinga, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello. Ga kuma garin Shagari, mahaifar Alhaji Shehu Shagari, shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983. Duk waɗannan tafiyar yini guda ce, har mutum ya ƙarasa Hubbare ya yi la'asar a Sakkwato.

Na san wani zai ce ana fama da tsadar rayuwa da matsalar tsaro, wa ke ta yawon buɗe ido? Gaskiya ne. To amma ai mu 'yan boko da muke wannan ƙorafi mu ne ke kashe miliyoyi wajen biza da tikitin jirgi domin mu ɗauki hoto a ƙofar fadar Buckingham. Wanda ya iya wannan, kuɗin man zuwa Sifawa ba zai gagare shi ba. Matsalarmu raini ce. Abin gida ba ya cika mana ido sai Bature ya rubuta littafi a kansa.

Ba sai mun jira gwamnati ba. Ƙungiyoyin ci gaban garuruwanmu za su iya zama da sarakuna da malamai a tantance wuraren, a kafa alluna da boko da ajami, a horar da matasa biyu ko uku su riƙa yi wa baƙi bayani, su ma su sami na cefane. A kuma gaggauta naɗar muryoyin dattawan da suka san inda kowane abu yake, domin duk wanda aka rufe a cikinsu, da saninsa ake rufe shi.

Sai kuma magidanta. Laifin me ne mutum ya ɗauki iyalinsa cikin mutunci ya nuna musu ƙasar da Nana Asma'u ta yi rayuwarta? Uwar da ta gani da idonta ita za ta ba 'ya'ya labari, gani kuwa ya kori ji.

Ni dai na yi wa uwargida alkawarin Sifawa kafin in sake neman wata biza. Allah Ya ba ni ikon cikawa, Ya sa mu san darajar namu, amin.